Mita Talatin da Ɗaya

A rumfar Sallau, can ƙuryar Sabon Gari,
inda ƙaurin dalma ke kokawa da ƙanshin gyaɗa,
na same ta kwance cikin kwalin sabulu,
tsawonta bai fi tafin hannuna ba.
Ya ce tara. Na ce shida. Ya ce albarka.
Na ba shi baya, ya kira ni:
"Kawo bakwai, don kai ne."

Na ce sai na ji bakinta.
Ya zaro eriya kamar tsinken tsire,
ya murɗa kunnenta a hankali.
Shuuu. Ga Larabci. Shuuu. Ga ganga.
Ga wani yare da ban san gabansa ba.
Can sai ga Hausa daga bayan teku,
tangaram,
kamar mai maganar na tsugune bayan kanta.

Gadi nake yi a Singa,
sito uku, kwado tara, fitila ɗaya.
Idan 'yan dako sun watse
kuma ɓeraye sun karɓi kasuwa,
sai in jingine ta da buhun gishiri,
in ce, to 'yar baƙa, me duniya ta wuni ciki?

Batir biyu ne cimarta, 'yan siraran nan.
Mako uku suke yi in ban ƙure mata murya ba.
In sun gaji in shanya su a kan kwano,
rana ta ƙara musu kwana biyu.

Ɗana Mudi ya ce, Baba, ai duk yana cikin waya.
Na ce wayarka akuya ce a bakin rumbu,
kullum ci, kullum kuka.
Ran da aka ɗauke wuta kwana huɗu a Kurna
wa ya zo ya raɓe kusa da ni?
Ya yi dariya, ya sosa ƙeya.

Ba zan rufa mata asiri ba, tana da halinta.
Da azahar kurma ce.
Kusa da taransifoma sai gunaguni.
Allurarta na zamewa kamar kifi a hannu,
ka kama tasha, ka yi tari, ta tsere.
Murfin batir ya ɓata tun bara,
robar kuɗi ke riƙe da cikinta.
Amma bari dare ya raba,
ta fi mai ido gani.

Agali, mai gadin layin shinkafa,
kan tsallako da butar shayinsa.
Ba ruwansa da rigimar manya.
Abu ɗaya yake jira: ko an yi ruwa a arewa,
can inda ya baro uwa da raƙuma biyu.
Daren da aka ambaci garinsu
ya ɗauki 'yar baƙa da hannu biyu,
ya manna ta a kunne har labari ya ƙare,
shayi ya ƙone bai sani ba.

Yanzu wata biyu ke nan,
a mita talatin da ɗaya,
daidai inda farcena ya yi wa gilashi zane,
babu kowa.
Sai shuuu, kamar ruwa a kan rufin wani.

Na kai ta wurin Sallau.
Ya buɗe, ya hura, ya taɓa nan da can,
ya mayar da roba yadda ya same ta.
"Lafiyarta ƙalau," in ji shi,
"masu maganar ne suka tashi."
Bai karɓi ko sisi ba.

Akwai sauran tashoshi, ina kama su.
Amma duk dare, kafin ƙarfe tara,
sai na bi ta kan zanen nan,
in ɗan tsaya,
kamar mai wucewa ta ƙofar gidan da aka sayar.
Agali na fifita gawayi.
Ya ɗago kai. In girgiza nawa.
Sai in murɗa gaba.